Saƙon da muka aika wa mai jinya ya dawo, me ya kamata mu sa a na biyu?

Goggon yara, Garwa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma da ɗan hanzari, don mai tafiya Yawunde ranar Alhamis zai tashi.

Matar yayana ce ba lafiya. Ta ji ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, da yake ba ya ciwo sai ta yi shiru wata huɗu tana shafa man zaitun. Da aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce ciwon daji ne. An yi mata shimiyo, wato maganin dajin da ake sawa ta jijiya, sau biyu a Yawunde, saura huɗu, sannan a yi maganar aiki. Zuwan farko ta dawo gida, amma motar Garwa zuwa Gaundare da kwanan jirgin ƙasa sun galabaitar da ita, shi ya sa yanzu ta zauna a unguwar Birketiri a Yawunde wajen ƙanwar mahaifiyarta. Yaranta huɗu suna hannuna.

Mu matan adashinmu na unguwar Yelwa, mu goma sha biyu, muka yi karo-karo muka haɗa mata saƙo: humra, turaren wuta, kilishi mai yaji irin wanda take so, zuma, da wata kwalbar tsimi da ɗaya daga cikinmu ta rantse ta warkar da wata a ƙauyensu. Sai ga yayana ya dawo da jakar, zuma kawai ta ɗauka. Wai tana buɗewa amai ya zo mata. Ban ɓoye muku ba, na ji haushi, har na ce a raina ko raini ne.

Yanzu mun sake tara sefa 70,000. Waɗanda suka san wannan jinya, me ake sa wa?

Hajiya ta Gaundare

Wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya ƙanwata, ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ce.

Ba raini ba ne wallahi. Ni shekara huɗu ke nan da cire mini na dama, har yau ina shan tamoksifen, ƙwayar rage haɗarin dawowar ciwon, kullum. Lokacin shimiyo, humrar da nake shafawa tun ina amarya ita ta zama abokiyar gabata. Ko maƙwabciya ce ke soya albasa sai na nemi fo. Don haka duk wani abu mai ƙamshi ku cire shi, har sabulu ku nemi marar ƙamshi.

Yanzu gashinta ya zube ko yana kan zubewa, don mako biyu zuwa uku bayan na farko yake farawa. Ku nemi ɗankwali na auduga zalla guda uku ko huɗu, ban da mai santsi, zamewa yake yi a kan da ba gashi. Ku haɗa da hula mai laushi ta barci da safa. Ke da kike Garwa za ki yi dariya, amma Yawunde da daddare akwai sanyi, kuma kan da ba gashi shi ya fi ji.

Baki yana yin gyambo, shi ya sa kilishin nan bai ciwu ba. Buroshi mai laushi irin na yara ya fi asuwaki a wannan lokacin. Man kaɗe tsantsa don leɓe da fata. Cokalin roba, saboda abinci yakan koma ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ni abin da ya riƙe ni kunun gyaɗa ne da shayin citta, to ku yi mata garin kunu da hannunku, na gida daban ne.

Sai abin da ba wanda ya gaya mini sai da na sha wuya. Bayan aiki hannu ba ya ɗaguwa sama na ɗan lokaci, doguwar rigar da ake zurawa ta ka azaba ce. Ku ba tela ya ɗinka biyu masu buɗewa ta gaba, da ɗan ƙaramin matashi da za ta riƙa sawa a hammata. Idan wurin ya warke, wata mai ɗinki ta yi mata 'yar jaka daidai girman ɗayan, a cusa auduga, ta riƙa sawa a rigar mama. Ni ranar da na sa tawa na fara iya shiga biki. Auduga kuwa ai ba a koya wa mutanen Garwa inda take.

Nas daga Marwa

Hajiya ta gama magana, abu biyu zan ƙara. Na farko, ku sa ma'aunin zafin jiki a jakar, ba shi da tsada. Shimiyo yana kassara fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. Idan zafin jikinta ya kai 38 a wannan tsakanin, asibiti za a tafi ko da tsakar dare ne, kada a ce zazzaɓin sauro ne a sayo ƙwaya a kanti. Saboda wannan dalilin ne ma ake hana su kindirmon da ba a dafa madararsa ba, da ɗanyen ganye, da taron masu dubiya idan akwai mai mura.

Na biyu, kwalbar tsimin nan kada ta koma. Hanta da ƙoda suna fama da maganin asibiti, ba a ƙara musu abin da ba a san me ke ciki ba. Duk abin da za ta sha, a nuna wa likitanta tukuna.

Ku goma sha biyun nan kuma, kowace ta je a duba ta. A Kamaru dajin mama shi ne kan gaba cikin dajin da ke kama mata, kuma ƙullutun da ba ya ciwo shi mata suka fi rainawa. A watan Oktoba ana gangamin dubawa, amma mai jin wani abu kada ta jira Oktoba.

Baban Birketiri

Ni dai da za a bi tawa, kada ku kashe fiye da 20,000 a kaya. Shekara ashirin ina unguwar nan, na ga 'yan arewa da yawa sun zo jinya. Rashin ɗankwali bai taɓa mayar da kowa gida ba, kuɗi ke ƙarewa. Duk bayan kwana 21 sai an auna jini, a sayi magani, a biya mota. Idan ranar ta zo ba kuɗi sai a ɗaga, daga ɗagawa sai a bari. Ku tura sauran ta Orange Money ko MTN a wayarta ita kanta, ba ta hannun wani ba, ku gafarce ni. Ku tuna da mai masaukin ma, buhun shinkafa ba zai yi yawa ba. Idan kuma aka ce sai an yi radiyoterapi, wato gashin wurin da na'ura, bayan aiki, da yawa Duwala ake turawa, kusan kullum har makonni, wani masaukin ke nan. Masu zakka a danginku tun yanzu a yi musu magana.

Hajiya ta Gaundare

Baba ya yi gaskiya a kan kuɗi, amma kada a rage kayan har su tafi. Kuɗin waya magani yake zama nan take, ɗankwalin kuwa tana ɗaurawa ta san wadda ta zaɓo shi. Ki kuma riƙa tura mata muryar yaran a WhatsApp, ba ta ya jiki ba, a'a, labarin makaranta da faɗansu.

Goggon yara, Garwa

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira ta jiya na nemi gafara, ta yi dariya ta ce ita ma kukan kilishin ta yi. Mun raba: 22,000 kaya, sauran a wayarta, kuma zubin adashin wata mai zuwa mun bar mata. Mai kwalbar tsimi tana fushi da ni, za ta huce. Hajiya, rigar nan maɓalli ya fi ko zif? Telan yana jirana da la'asar.