Don Allah ku ba ni shawara: masoyan wata jaruma sun sa wata ƙanwarmu a gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce admin a wani gurup na WhatsApp na masoyan wata jarumar Kannywood. Makon jiya wata ƙanwarmu, 'yar shekara 17, ta rubuta cewa wasan jarumar a sabon shirinta bai burge ta ba. Ba zagi, ba cin fuska. Sai wata ta ɗauki hoton maganar ta kai TikTok, haɗe da hoton yarinyar da lambar wayarta.

Tun daga ranar ba ta huta ba. Ana kiranta ƙarfe biyun dare a zagi iyayenta, wani ma ya turo mata sunan unguwarsu. Shekaranjiya ta kira ni tana kuka, muryarta na rawa, ta ce ko Islamiyya ta daina zuwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni na saka ta a gurup ɗin.

Na cire mutum uku, na kulle gurup, mun kai ƙorafin bidiyon ga TikTok, har yau yana nan. Yanzu ni ma sun dawo kaina, wai munafuka ce.

Na san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya shafi barazana. To amma iyayenta ba su sani ba, tana tsoron a ƙwace wayarta. In fara sanar da mahaifiyarta ko da ba ta yarda ba? Kuma wace shaida zan tara kafin mu je wurin 'yan sanda?