Muhawara: Katun ne ya fi dacewa da littattafan almara, ko fim ɗin mutane?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya na sake kallon katun ɗin The Lord of the Rings na 1978, wanda Ralph Bakshi ya yi, na ƙara gamsuwa da abin da na daɗe ina faɗa: labarin dodanni da matsafa, katun ne gidansa. Mai zane ba ya jiran kuɗin gina birni ko ɗinka wa mutum dubu sulke. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Ɗan Zariya: Wa'alaikumus salam. Yaya, ai ka kawo shaidar da za ta kayar da kai. Bakshi kansa bai dogara da zane zalla ba. Mutane ya ɗauka da kyamara, har a Sifaniya, sannan aka riƙa bin hotunansu ana zane a kai. A fagen yaƙi ma wasu wuraren launi kawai aka shafa, shi ya sa dodannin suka fito kamar 'yan tashe. Ga shi labarin ya tsaya cak a yaƙin Helm's Deep, kashi na biyu kuwa har yau shiru kake ji.

Baban Hanifa: 'Yan tashe! Allah ya shirye ka. To amma Peter Jackson da kuke kambamawa, wanda ya mayar da labarin fim ɗin mutane kashi uku, ta wannan katun ɗin ya fara sanin labarin. Wurin da su Frodo, jarumin labarin, suka ɓuya ƙarƙashin saiwar bishiya, baƙin mahayi na shinshina a kansu, je ka gwada na 1978 da na 2001 ka gani.

Ɗan Zariya: Ya ara, ya gyara. Kashi na uku nasa, na 2003, kyautar Oscar 11 ya kwashe.

Maman Ilham: Ni dai ku bar ni da The Hobbit. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya fitar da shi a 1937, kuma littafin yara ne, ɗan madaidaici. Katun ɗin Rankin da Bass na 1977 bai kai awa ɗaya da rabi ba, ga waƙoƙin littafin a ciki, yarana suka kalla har ƙarshe ba wanda ya motsa. Jackson kuwa ya ja shi kamar danƙo, fim uku daga 2012 zuwa 2014, kusan awa takwas, har da soyayyar da ba ta cikin littafin. Wannan kam miya ta yi ruwa.

Ɗan Zariya: Anti, amma katun ɗin ya yar da Beorn, mutumin nan mai rikiɗa, ya kuma yar da dutsen Arkenstone, wanda da shi Bilbo, jarumin littafin, ya nemi sasanta rikicin ƙarshe.

Maman Ilham: Gara a rage mini da a ƙara mini abin da marubuci bai rubuta ba.

Malamin Adabi: Ina biye da ku tun ɗazu. Wani abu da ba a ambata ba: katun ɗin 1977 ɗin nan a Japan aka zana shi, a kamfanin Topcraft. Su ne kuma suka zana The Last Unicorn a 1982, kuma daga cikin ma'aikatansu aka samu waɗanda suka shiga Studio Ghibli, kamfanin katun na Japan da aka kafa a 1985. To ku dubi Ghibli ɗin. A 2004 Hayao Miyazaki ya ɗauki littafin Diana Wynne Jones, Howl's Moving Castle, ya juya shi son ransa, ya cika shi da jiragen yaƙi da ƙone garuruwa saboda haushin yaƙin Iraƙi, amma marubuciyar ta yaba. Bayan shekara biyu, ɗansa Goro ya yi Tales from Earthsea, sai Ursula Le Guin, marubuciyar littattafan Earthsea, ta fito ta nuna rashin jin daɗinta. Littattafanta kan mutum ne da ke fama da duhun zuciyarsa, fim ɗin kuwa ya ƙare da kashe mugu kamar kowane fim. Ta kuma koka cewa an haskaka fatar mutanenta. Kamfani ɗaya, duka katun. Baban Hanifa, ya ka gani?

Baban Hanifa: Allah ya gafarta Malam, wannan laifin Goro ne, fim ɗinsa na farko ke nan. Ba laifin katun ba ne.

Ɗan Zariya: Ka ji fa! In ya yi kyau, katun ne ya yi. In ya lalace, darakta ne.

Malamin Adabi: Haka Disney ta cusa littattafai biyu na Lloyd Alexander cikin The Black Cauldron a 1985, ko kuɗin da ta kashe ba ta mayar ba.

Baban Hanifa: Malam, ni fa ban sauka ba. A ba mai zane awa tara kamar yadda aka ba Jackson a The Lord of the Rings, sannan a yi hukunci.

Ɗan Zariya: Kafin nan, Yaya, nemi katun ɗin The Return of the King na 1980, inda dodanni ke tafiya yaƙi suna rera waƙar bulala. Ka kalla har ƙarshe, gobe mu ji bakinka.

Maman Ilham: Wannan ko ni ba zan kare shi ba.