Layin keke mai dakali a titunan Abuja: yaya ake tsara shi, ina kuma yake ba da matsala?

Sadiƙu Gwarinpa:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga injiniyoyin hanya da ke nan. Titunan cikin Abuja irin su Ahmadu Bello Way da Obafemi Awolowo Way suna da faɗi, amma mai keke ba shi da wurin kansa, sai dai ya raɓa jikin motoci yana addu'a. A Holan da Denmak ana ware wa keke layi, a gina ɗan dakalin kankare tsakaninsa da motoci. In za a yi irinsa a nan, nawa ne faɗin layin, nawa ne tsayin dakalin? Me ya sa kuma wasu masu keken da kansu ke kuka da shi? Fenti kaɗai ba zai wadatar ba?

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam, Malam Sadiƙu. Fenti bai taɓa tare mota ba. A titin da ake gudun kilomita 60 ko fiye, dakalin ya zama dole. Sai dai dakali yana tsare mai keke ne ta fuska biyu: ya hana mota shigowa, ya hana shi ma fita. Shi ya sa faɗi ne farkon magana.

Mai keke a tafe, da kafaɗunsa da 'yar tangaɗin da yake yi, yana cin mita 1. Don wani ya iya wuce wani, layin da ke tafiya gefe ɗaya yana son mita 2. Mita 1.5 sai a wurin da hanya ta matse, na ɗan taƙaitaccen nisa. In zuwa da dawowa ne a layi guda, mita 3. Waɗannan su ne ma'aunan da ke cikin ƙa'idar Birtaniya ta 2020, wadda ake kira LTN 1/20. Ƙa'idar ta kuma ce a ƙara santimita 20 a gefen da ke da dakali mai tsayin da ya wuce santimita 6 amma bai wuce 15 ba, domin babu mai keken da zai manna tayarsa da kankare.

Dalili shi ne feda. In ta sauko ƙasa, tsakaninta da kwalta kamar santimita 10 ne. Dakalin gefen titi na yau da kullum kuwa yakan kai 12 zuwa 15. Feda ta doke shi, keke ya yi tsalle, mutum ya faɗi, wani lokaci cikin motocin da ake kare shi daga gare su. Don haka fuskar dakalin ba ɗaya ba ce: ta wajen motoci a tsaye, ta wajen keke a kwance da gangare, ko a rage tsayinta zuwa santimita 5 ko 6.

Kaurin dakalin kada ya gaza rabin mita. Inda ake fakin a jikinsa a kai shi mita 1, saboda ƙofar mota. A dasa shi a kan shimfiɗar kankare, a tokare bayansa da wani kankaren. Irin na roba da ake ɗaurewa da noti a kan kwalta yana da arha, amma kwalta kan yi laushi a zafin watan Maris, tifa ta taka shi sau biyu ya kwance.

Maryam Kubwa:

Injiniya ya yi bayanin awo, bari in ƙara da ruwa, wanda shi ne ke kashe irin wannan aikin a wurinmu. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya, gangaren kusan kashi 2.5 cikin ɗari, ruwa ya zirara gefe ya faɗa kwata. Ka jera dakali babu tsaga, ka gina madatsa ke nan. Ruwan Agusta ya taru a layin motoci, ko ya tsallako ya kwanta a layin keke.

Gyaran shi ne a bar tsaga ta santimita 30 zuwa 50 bayan kowane 'yan mitoci, da kuma daidai kowane bakin kwata da duk inda titin ya yi kwari. Amma ruwan ba shi kaɗai yake shigowa ba. Yana tafe da yashi, da ledar fiya wata, da fasasshen gilashi. A titin da babu dakali, tayar mota da iskarta su ke ture datti. A cikin layin keke babu mai ture komai. Babbar motar shara faɗinta ya kai mita 2.5, ba za ta shiga layin mita 2 ba. Ko dai a sayi ƙarama, ko a sa layin cikin aikin masu tsintsiya na asuba tun ranar farko. In ba haka ba, damina ɗaya ta isa yashi ya rufe rabinsa, mai faci ya samu kasuwa, masu keke su koma cikin motoci.

Sai murfin kwata. In na ƙarfe ne mai tsaga-tsaga, tsagar ta gitta hanya, kada ta bi tsawonta, don tayar keke siririya ce, santimita 3 zuwa 4, za ta nutse ciki. Kowa kuma ya san yadda ake sace murfin rami a garin nan. A buɗaɗɗen titi mai keke zai kauce. Tsakanin dakali biyu, da dare, babu fitila, ina zai kauce?

Malam Ɗanjuma:

Ni a ganina ku duka kun tsaya a wuri mai sauƙi. Miƙaƙƙiyar hanya ba ita ce ke cin mutane ba, mahaɗa ce, kuma a nan ne dakali ke ƙarewa.

Tun 1972 a hannun dama muke tuƙi, layin keke zai kasance can dama. Mai keke yana miƙewa, mota tana shan kwana dama, sai ta yanke shi. Direba yana zaune a hagu, in tirela ce ko bas ba ya ma ganin abin da ke gindin ƙofarsa ta dama. Dakalin ya ƙara lalata lamarin, domin ya sa direba ya manta akwai keke a gefensa tsawon kilomita guda.

Yadda Holan ke yi: kafin mahaɗa a karkatar da layin keke ya nisanci titi da kamar mita 5, tsawon mota ɗaya. Direba ya gama shan kwana, ya fuskanci mai keke ta gilashin gaba, yana da wurin tsayawa ba tare da ya tare na bayansa ba. A kusurwar a gina ɗan tsibirin kankare da zai matse kwanar, dole ya rage gudu. Kwanonin Abuja kuwa an buɗe su ne don mota ta sha ba tare da taka birki ba. Inda akwai danja, a ba keke nasa lokacin. Mai son hagu ya tsallaka sau biyu, kada ya ratsa layi uku. Shataletale irin na Berger kuwa wani karatu ne daban.

Layin zuwa da dawowa a gefe ɗaya, ban yarda da shi ba a titi mai yawan ƙofofi kamar Aminu Kano Crescent. Direban da ke fitowa daga gidan mai, hagu yake kallo, inda motoci ke zuwa. Keken da ya taho ta dama sai dai a ji ƙara.

Sadiƙu Gwarinpa:

Na gode ƙwarai. To tashar bas fa? Kuma me zai hana babur da Keke Napep mamaye layin?

Injiniya Bala:

A tashar bas layin keke kan zaga ta bayanta, fasinja su tsaya a tsibiri mai faɗin mita 2.5, yadda keken guragu zai iya juyawa. Makafi suna kuka da wannan tsarin a Ingila, kuma da gaskiyarsu: keke ba shi da ƙara. A ɗaga wurin tsallakawar, a matse layin kaɗan don keke ya rage gudu.

Babur kuwa, Malam Sadiƙu, kankare ba shi da maganinsa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, amma masu kai saƙo suna nan. Turaku a bakin layi da tazarar mita 1.5 za su tare mota, amma Keke Napep bai kai wannan faɗin ba, zai sulale. Ka matse tazarar, ka tare keken guragu da mai turin kura. Wannan sai jami'i a tsaye a bakin layin, musamman kusa da kasuwar Wuse da yamma.