Me za mu kira "ofset" na wilin mota da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Ba ta ajiyewa a littafi ba, wadda za ka faɗa wa mai sayar da wili kana tsaye a bakin shagonsa ya gane ka nan take. Kalmar ita ce "ofset", lambar nan da ake bugawa a bayan wili bayan haruffan ET. Rashin sunanta a bakinmu ya ci mini tayoyi biyu, shi ya sa na ɗauki abin da zafi.

Motata Golf 3 ce, irin wadda ake lodi da ita a tashar Kawo. Wilin da ta zo da shi an rubuta masa 6Jx14 ET45, wato faɗi inci 6, girma 14, ofset 45, tayar kuma 185/60 R14. Son ƙawa ya ja ni na sayo wili na alminiyam mai faɗin inci 7, girma 15, na ɗora masa taya 205/55. Abu ɗaya na tambaya: "Zai shiga?" Aka ce rami huɗu ne, zai shiga. Ya kuwa shiga, har yaran gareji suna cewa mota ta tsaya kamar ingarma. Ban ga laifin mai shago ba, abin da na tambaya shi ya amsa mini.

Asiri ya tonu ranar kai amarya daga Tudun Wada zuwa Rigachikun. Gwaggonnina uku a baya, but cike da kaya. Tudun rage gudu na farko da muka hau sai na ji "ƙurrr" daga baya. Na biyu ma haka. Kafin mu wuce gadar Kawo ɗaya daga cikinsu ta ce, "Kai ɗan nan, me ke ƙauri? Ko wuta motar za ta kama?" Na tsaya na leƙa. Leɓen madigadi ya fere kafaɗar tayar ya zagaye ta, ga ɓarɓashin roba a ƙasa kamar an kankare fensir. Gwaggonni suka koma wata mota, har yau ana ba da labarina a dangi.

Wani dattijon bakanike a Panteka ne ya kifa wilin ya nuna mini ET25. Ya ce, "Alhaji, faɗi da laifinsa, amma ga babban mai laifi nan." Na ce, "Baba, me ake ce masa da Hausa?" Ya ce su dai sukan ce wili ya fito ko wili ya shige. Lambar kanta ba ta da suna.

Ga abin da take aunawa, don masu kawo shawara su san abin da za su raɗa wa suna. Ka raba faɗin wili gida biyu, ka ja layi a tsakiya. Sai ka duba fuskar da ke zama a kan hob, ƙarfen ƙafar mota da ake ɗaure wili a jikinsa, inda kusoshi ke ɗaurewa. Nisan da ke tsakanin layin nan da fuskar, a milimita, shi ne lambar. Idan fuskar ta fi kusa da waje, ɓangaren titi, wilin zai koma can ƙarƙashin mota, lambar kuma ta yi girma. Idan ta matso tsakiya, lambar ta ragu, wilin ya leƙo waje. Ƙananan motoci masu ja da ƙafar gaba yawanci lambarsu babba ce, wajen 35 zuwa 50. Fijo irin 206 da 406 kam nata ya fi haka ƙanƙanta.

Lissafin tawa motar ya zama haka. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ƙarin faɗin ya rabu biyu, kusan 13 ciki 13 waje. Sauka daga 45 zuwa 25 ya sake turo wilin waje da 20. Bakin wili na waje ya fito ke nan da kusan milimita 33. Sannan tayar ta fi ta asali tsayi, daga milimita 578 zuwa 606. Ga fitowa ga tsayi, ga gwaggonni uku. Ina madigadi zai sa kansa?

To, me za mu kira ta?

*

Na ga amsoshi, na gode. Bari in bi su yadda suka zo.

Mutum biyar ko shida sun ce "tazara". Ba ƙarya ba ne, tazara ce tsakanin abu biyu. Amma a wili ɗaya tazara ta yi yawa. Akwai tazarar ramukan kusoshi, wadda ita ce 4x100 (ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100) a Golf irin tawa da tsofaffin Corolla da Civic, 4x108 a Fijo 206 da 406. Akwai tazarar taya da shokozoba, akwai ta taya da madigadi. Ka ce wa mai shago "nawa ne tazararsa", ramuka zai auna maka. Mu bar wa ramuka tazara, ta dace da su.

Wani ya ce "karkata". Wannan ka riƙe mana ita, ɗan'uwa, za mu buƙace ta. Karkata ita ce idan saman taya ya kwanta ciki ko waje, abin da masu alaimen ke gyarawa. A nan wilin a miƙe yake, matsawa kawai ya yi.

"Gociya" ta fi ba ni wahalar ƙi, domin wani malamin makaranta ne ya kawo ta da hujja mai ƙarfi: fuskar ta goce daga tsakiya, ma'anar kalmar Turancin ke nan daidai. Allah ya gafarta Malam, ta fuskar fassara ka fi kowa gaskiya. Matsalata ɗaya: gociya ba ta gaya mini ina aka goce. Kuma a kunnen direba, gociya aibi ce. Ka ce wili yana da gociya 45, zai ɗauka ya lanƙwashe a rami, ya ce a canza masa.

Sai "zurfi". Nan aka fi yin gardama, kuma nan ne tarkon yake. Masu zurfi suna da abin kafa hujja, don ET ɗin ma daga Jamusanci ta fito, Einpresstiefe, kuma ƙarshen kalmar zurfi yake nufi. Amma ku je Panteka ku ce a nuna muku wili mai zurfi. Za a ɗauko muku wanda idan ka kalle shi daga waje tsakiyarsa ta faɗa ciki kamar kwano, irin wanda samari ke so. Wannan kuwa shi ne mai ƙaramar lamba, shi ne mai fitowa waje. Wato zurfin da ido ke gani da lambar da aka buga baya suke ba juna: ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. Mai mota zai ji "zurfi 45 ya fi zurfi 25", ya kalli wilin ya ga akasin haka. Da wannan ruɗanin gara ma mu ci gaba da cewa ofset.

Wannan gardamar ce ta nuna mini ma'aunin da nake so. Kalmar ta bi lambar. Idan lamba ta ƙaru, abin da kalmar ke nufi shi ma ya ƙaru, kuma ya zama abin da mai mota zai gani idan ya tsuguna a gefen motarsa.

Masu cewa a bar ta "ofset" kawai, tun da mun ari sitiyari da birki da giya ba mu mutu ba: na ji ku, ni ma ba na faɗa da aro. Sai dai sitiyari abu ne da kake riƙewa da hannu, sunan ya manne masa. Wannan awo ne, ba a ganinsa, kuma kalmar aron ba ta koya wa kowa komai. Na shekara ina jin ta a bakin yara masu gyaran ƙawa ban san ko babba ake so ko ƙarama ba.

*

Ina jin mun samu. Wata baiwar Allah da ta ce mahaifinta ya yi aiki a kamfanin harhaɗa Fijo na Kakuri ta rubuta kalma ɗaya: "nutso". Hajiya, Allah ya saka da alheri.

Ku gwada ta a baki. Nutso 45, wili ya nutse ƙarƙashin mota sosai. Nutso 25, bai nutse sosai ba, ya leƙo. "Nutsonsa ya yi yawa, zai taɓa shokozoba." "Nutsonsa ya yi kaɗan, zai ci madigadi." Duk jimlolin sun zauna, kuma ba su yi nisa da "ya shige" ɗin da Baba bakanike yake faɗa ba. Ta kuma bi lambar: nutso na ƙaruwa, lamba na ƙaruwa.

Wani ya tambaya, to idan fuskar ta tsallake tsakiya ta koma ciki, lambar ta zama da alamar ragi, kamar a wasu wilin manyan motocin shiga daji? Wani kuma ya amsa masa da "fito". Na yi dariya, don nutso da fito duk maganar bakin kogi ce, ga mu kuwa a Kaduna. Amma ta yi. Fito 12 ya fi sauƙin faɗa a kan "nutso ƙasa da sifili da 12". Ƙananan motocinmu ba ruwansu da fito, sai dai a san da ita.

Ana cikin haka aka samu ƙarin biyu ban nema ba. Faifan ƙarfen nan da ake sawa tsakanin hob da wili don a turo shi waje, wani ya ce "gammo". Zagayayye ne, mai rami a tsakiya, yana zama tsakanin kaya da mai ɗauka, ban ga abin da ya rage ba. Gammo mai kaurin milimita 5 yana mayar da nutso 45 ya zama 40. Rage nutso kawai yake yi, ba ya ƙarawa, don haka ni da wilina ya riga ya fito babu abin da zai yi mini. Wanda zai sa kuma ya tuna kusa ta rage kamu. Golf da Fijo kusa ake ɗaurawa cikin hob, sai an nemo masu tsawo. Toyota da Honda noti ne a kan kusar da ke kafe, ka tabbata notin ya ci zare sosai. Na biyun ita ce naɗe leɓen madigadi ciki don a samu sarari. Wani tela ya ce ai wannan kalmasa ce, yadda ake yi wa bakin riga. An karɓa. A dai ɗumama fentin kafin a kalmasa, in ba haka ba zai tsage, damina ta shigar da tsatsa.

Wanda wilinsa ba a buga lamba ba ko ta goge, yana iya auna nutso da kansa. Ka kifa wilin ba taya, ka gicciya miƙaƙƙen katako a bayansa, ka auna daga katakon zuwa fuskar kusoshi. Ka auna faɗin wilin baki zuwa baki ka raba biyu, ka cire daga na farko. Wilina ya ba da 127, rabin faɗi 102, saura 25.

Na mayar da wilin nan na karɓi mai faɗin inci 7, nutso 38, da taya 195/50 R15 wadda tsayinta milimita 576 ne, kusan daidai da ta asali, don haka agogon gudu ma ya daina yi mini ƙarya. Da waccan tayar, in ya nuna 100 ina kan 105 ne. Yanzu bakin waje ya fito da kusan 20, na ciki ya matsa wa shokozoba da kusan 6. Kafin in biya, Baba ya sa aka goga alli a kafaɗar tayoyin, ya cusa yaransa uku a baya, muka murɗa sitiyari ƙarshe dama ƙarshe hagu, muka hau gargada muka dawo. Allin na nan bai goge ba.

Da zan tafi na ce masa, "Baba, an samo sunan, nutso." Ya juya kalmar a bakinsa, ya ƙwala wa yaronsa kira: "Kai, duba mini nutson wancan na Corolla." Yaron ya kifa wilin ya ce 45.