Injin wankin ƙoda ne ke shanye jinin Baba?

Kawu Shehu: Salamu alaikum. Jiya munka kai Baba wankin ƙoda, anka ce jininai ya ƙara yin ƙasa, sai an ci gaba da yi mai allura. Ni tun hwarko na hwaɗi, injin nan shi ka shanye jinin mutum.

Hadiza: Wa'alaikumus salam Kawu. Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan jini kan maƙale a bututun injin, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne babban dalili ba. Ku tuna tun kafin a fara wankin tafin hannunsa ya yi fari fat. Ƙoda ce ke fitar da wani sinadari, iritropoyetin, ya bi jini ya je ya umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙoda ta lalace, saƙo ya daina zuwa.

Kawu Shehu: Ƙoda? Wadda aikinta fitsari? Haba ɗiyata. Jini daga abinci yake hitowa.

Aminu: Ina bayan Kawu. Mu dai hanta muka sani da jini.

Hadiza: Yaya Aminu, kana da rabin gaskiya. Jariri a ciki hantarsa ce ke yin sinadarin, bayan haihuwa ƙoda ta karɓe mafi yawan aikin. Abinci kuma sinadarin ƙarfe yake kawowa, wanda ɓargo ke ƙera jinin da shi. Ka jibge wa maƙeri ƙarfe, in ba wanda ya aiko masa da aiki, ba zai hura wuta ba. Ga shi ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, a masu ciwon ƙoda ma ba ta kaiwa haka.

Malam Bello: Allurar da ake yi wa Baba kwafin wannan sinadari ce, tun 1989 aka amince da ita a Amurka. Ita ce wasu masu tseren keke suka riƙa yi a ɓoye don jininsu ya ƙara ɗaukar iska, har aka ƙwace wa Lance Armstrong kambunsa 7 na gasar Faransa a 2012. Mai lafiya ya yi ta ya ci kofi, kai kana cewa ba ta aiki?

Kawu Shehu: Ban ce ba ta aiki ba, Malam. Cewa na yi injin na da laihi.

Inna Asabe: Ku bar gardama ku amsa mani. Hawan jini ya kashe ƙodar, ko ƙodar ta kawo hawan jinin? Likita ya ce duka biyun, ban gane ba.

Malam Bello: Inna, ƙoda na sakin wani sinadarin, renin, idan ta ji jini ya rage zuwa mata. Shi ke jawo jijiyoyi su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Ƙodar da ta ji ciwo sai ta yi ta sakinsa ba gaira ba dalili, jini ya hau, hawan ya ƙara cin ƙodar.

Kawu Shehu: To, ranar Alhamis zan tambayi likita da bakina. Amma zogale da dabino ba mu daina ba shi.

Hadiza: Kawu don Allah a dakata da dabinon har a tambaya. Yana da sinadarin fotasiyam da yawa, ƙodar Baba ba ta iya fitar da shi, in ya taru a jini zuciya yake taɓawa.