Silen 20p marar shekara: in sayar ko in ajiye?

Ɗalibi a Ingila: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni canji a shago, sai na lura wani silen 20p (pence 20, kashi ɗaya cikin biyar na fam) babu shekara a jikinsa, gaba da baya. Wani abokin karatuna ya taya fam 20 nan take, saurinsa kuma ya sa na ƙi sallamawa. A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, na ga masu neman ɗaruruwan fam. Nawa ne gaskiyar kuɗinsa, kuma ina ake kai shi? Ya ɗan yi duhu, in goge shi?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge! Ko da man goge baki ne, zai bar ƙananan zane, masu saye kuma da gilashin ƙara girma suke dubawa. Naɗe shi a takarda ka ajiye.

Asalin abin a 2008 ne, da Royal Mint, ma'aikatar buga silallan Birtaniya, ta sauya zanen silallanta. A tsohon 20p shekara tana baya, wajen furen nan mai kambi. A sabon sai aka mai da ita gaba, kusa da kan Sarauniya Elizabeth, bayan kuma aka sa wani yanki na garkuwar masarauta. Sai aka yi kuskure aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, shekara ta faɗi a tsakani. Waɗanda suka fita ba su wuce 250,000 ba. To duba naka: in garkuwa ce a baya kuma ba shekara a gaba, ka dace. In fure ne, sake dubawa da kyau, shekarar tana nan.

Hajiya daga Landan: Ɗana, farashin da mutum ya rubuta a eBay buri ne kawai. Shiga wajen da ake nuna waɗanda aka riga aka sayar. Wanda ya sha hannu irin naka galibi wajen fam 50 yake tashi. Labarin dubbai tun 2009 ne, lokacin da jaridu suka yayata shi kowa ya ruɗe.

Wani ɗan uwa: Akwai jabu fa, wasu kankare shekarar suke yi. Dubi wajen rubutun da ke kewaye da kan Sarauniya ko akwai alamar goga, sannan ka auna, giram 5 ne. Ko ka tura wa kamfanonin tantance tsabar kuɗi, NGC ko PCGS, su tantance.

Tsohon hannu: Malam, a nan ban bi ka ba. Kuɗin tantancewa da na aikawa za su cinye ribar silen fam 50. Wannan sai ga manya, irin kwabon Amurka na 1955 mai rubutu biyu-biyu. Ƙanena, ɗauki hoto mai haske gaba da baya, ka ji tayin dillalan tsabar kuɗi biyu, amma ka san za su rage don su ma su ci.

Ɗalibi a Ingila: Na gode, Allah ya saka da alheri. Garkuwa ce, Yaya. Gobe zan nemi sikeli.