Arduino yana tsayawa cak in na tsawaita wayar sensa, ko ESP32 zan saya?

Mai Kaji Tumfure:
Assalamu alaikum. Na haɗa wa yayana na'urar kunna fanka a ɗakin kajinsa da ke bayan Tumfure, nan Gombe, don kun san zafin Afrilu ba ya raga wa kaza. Ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno ne, da sensar SHT31 mai auna zafi da laima, da ƙaramin sikirin OLED, duk a layin sadarwa na I2C, fil A4 da A5. A kan tebur lafiya lau. Da na ja wayar sensar kusan mita 25 zuwa tsakiyar ɗakin, sai abin ya riƙa tsayawa cak, musamman in fanka ta tashi. Wani ya ce ATmega328P, cif ɗin Uno, shi ne rago, 16 MHz kawai, in nemi ESP32 mai 240 MHz. Ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗin yaya.

Injiniya Bolari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kuɗin a aljihu. Auna zafi ai ko gyangyaɗi Uno yake zai yi shi. Laifin layin ne. Kamfanin Philips ya fito da I2C a 1982 don cif-cif da ke cikin akwati ɗaya su yi magana, ba don a ƙetare ɗaki ba. Waya biyu ce, SDA ta bayani da SCL ta agogo, kuma rizista ce ke ɗaga su sama. Ƙa'idar ta ce kada nauyin layin ya wuce 400 pF, doguwar waya kuwa tana zarce haka, sigina ba ta gama tashi ba agogo ya sake bugawa. Ga kuma hayaniyar motar fanka. Da SDA ya maƙale a ƙasa, Wire, wato laburaren I2C na Arduino, sai ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Sa Arduino Nano kusa da sensar, ka haɗa shi da Uno ta MAX485 biyu, cif ɗin da ke magana a layin sadarwa na RS-485. RS-485 yana kaiwa mita 1200. Kar ka manta rizista 120 ohm a kowane ƙarshe.

Hajiyar Sola:
Gaskiyar Injiniya ce, amma in zafi kaɗai kake so, sensa DS18B20 da rizista 4.7k ya fi araha, kuma yana jure nisa. Sannan duba SRAM ɗinka, wato ma'ajiyar aiki ta Uno, 2 KB ne kacal, OLED mai 128x64 yakan cinye bayit 1024 shi kaɗai. A AVR, dangin cif ɗin Uno, hanyar ma'ajiyar filash daban, ta SRAM daban, don haka sa rubutunka cikin F() ya zauna a filash mai 32 KB. ESP32 kuma 3.3V yake, wasu rile (makunnin da ke tada fanka) na 5V ba sa jin maganarsa. Kunna watchdog na daƙiƙa 8 ma, ko Uno ya daskare ya tashi da kansa, kada kaji su kwana ba iska.

Mai Kaji Tumfure:
Allah ya saka da alheri. Laimar ma ina buƙata, RS-485 ɗin zan bi. Ina da ragowar wayar intanet, za ta yi?

Injiniya Bolari:
Za ta yi sosai. Ɗauki tagwaye ɗaya da aka murɗe tare ka ba A da B na MAX485, wata ka yi GND da ita, kuma kada ka ɗaure ta jikin wayar fanka.